Yadda Za Ki Samu Rigar Mama Daidai Ke Ba Tare da Kin Yarda Kin Ƙara Jiki Ba

'Yar'uwa, zauna, in dai kina iya zama. Idan tun safe wani abu yake cizon ki a ƙarƙashin hammata, idan kuma da kin dawo gida ba takalmi kike fara cirewa ba, to kin zo inda za a share miki hawaye. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari za ki samu rigar mama daidai ke. Ni malamar lissafi ce, awo shi ne sana'ata, kuma duk abin da zan faɗa miki a jikina na gwada shi. Shekara goma sha shida aikin ya ɗauke ni. Ke wataƙila ki fi ni sauri.

1. Riƙe lambarki ta farko

Tuna lambar da kika fara sakawa, ki riƙe ta gam. Tawa talatin da huɗu ce. Yayata ce ta yanke mini ita ina 'yar shekara goma sha tara. Daga bakin ƙofa ta kalle ni ta ce, "Ke dai talatin da huɗu," ta wuce abinta. Na haifi yara uku, na sauya gida sau biyu, na sauya lambar waya sau biyar, amma wannan lambar ban taɓa ci mata amana ba. Jiki yakan zo ya tafi. Lamba ce take zama.

2. Nemo mai laifi

Wata safiya ƙugiyar baya za ta ƙi haɗuwa. Kada ki tsorata, kada ki kalli madubi. Kamfani ne ya fara rage yadi. In ba kamfani ba, sabulu ne. In ba sabulu ba, ranar bana ce, ta fi ta bara tsuke kaya. Idan maigida ya gan ki kina zagaye ɗaki hannu biyu a baya kamar wadda aka kama, ya ce, "Maman yara, ko dai a ɗan ƙara lamba?" kada ki ba shi amsa. Kwana biyu ki gaishe shi da ka kawai. Nawa bai sake ba.

3. Saya da ido

Kada ki gwada a shago. Gwaji na masu shakka ne. Shiga kamar kin zo sayen safa, ki saya safar, sannan ki nuna abin da baki. Idan mai shagon namiji ne, zai kalli rufin ɗaki ya ce, "Anti, wace lamba?" ke ma ki kalli rufin ki faɗa. Zai ce, "Ta ƙanwarki ce?" Ce masa e. Ni sai da na yi shekara tara ina yi wa ƙanwar nan sayayya, har mai shagon ya fara aika mata gaisuwa. Ba ni da ƙanwa.

4. Gyara da kanki

Abin da ya gaza, fil zai cika. In fil ɗaya bai isa ba, jera uku su riƙe hannun juna. Daga nan sai ki tsara rayuwarki yadda ba za ta taɓa wurin ba. Kada ki yi atishawa a tsaye. Kada ki sunkuya ɗaukar biro, ai biro ba ya ƙarewa a duniya. Ni a rabin allo na ƙasa kawai nake rubutu, saman kuwa na ce wa ɗalibai na bar shi ne domin tunani. Shatin da za ki riƙa gani a kafaɗa da yamma, mai zurfi har ruwa ya iya kwanciya a ciki, alama ce rigar tana aiki.

5. Kai ta wurin da ba a son kuskure

Ba a sanin ingancin rigar mama a gida. Jira ranar da rayuwarki ta dogara a kanta. Tawa ranar ita ce da aka turo sufeton makarantu ta duba darasina, kuma a kan rahotonta ƙarin girman da na shekara biyar ina jira ya rataya. Dattijuwa ce mai tabarau, ta zauna a bencin baya, shugaban makaranta a gefenta yana ta zufa.

Darasin da'ira nake yi. Allon ƙasa ya cika. Sufeto ta ce, "Malama, ga wuri a sama."

Na ɗaga hannu. Sai na ji ƙas a bayana, fil ya tashi ya bugi taga. Ban juya ba, na ci gaba da zane. Sai na ji wani abu mai sanyi yana hawowa ta wuyan riga a hankali. Ƙarfen nan ne da ake sakawa a ƙasan kofin rigar mama, ya huda yadi, ya kamo hanya, sai da ya tokare mini haɓa. Yara arba'in da biyu suka daina rubutu. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wani abu ya tsiro miki."

A nan ne ake gane ƙwararriya. Kama shi ki zare gaba ɗaya, ki ɗaga sama. Na ce, "Wa zai gaya mini sunan wannan?"

Aji ya amsa baki ɗaya, "Rabin da'ira!"

Na manna shi a allo na zagaye da alli, na juya shi na cika ɗaya rabin. Tunda nake koyarwa ban taɓa zana da'ira mai kyan wannan ba. Shugaban makaranta ya tashi yana tafi. Ya ce kayan koyarwa irin wannan ya kamata a raba wa kowane aji, a ina na samo? Na ce masa ba a sayar da shi shi kaɗai.

Sauran minti ashirin na darasin ki yi su littafin rajista rungume a ƙirji, domin gefe ɗaya yana nan inda kika bar shi da safe, ɗayan kuma ya yi sallama.

6. Amsa kira

Bayan darasi sufeto za ta ce kowa ya fita sai ke. Kada ki gudu, ba za ki iya ba. Ta rufe ƙofa, ta cire tabarau ta ce, "'Yata, darasinki ya yi, zan rubuta haka. Amma lambarki nawa?"

Na ce, "Talatin da huɗu, Mama."

Ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kuma lissafi kike koyarwa."

Ta yago takarda ta rubuta mini kwatancen wani shago. Ta ce ba za ta sa wa rahoton hannu ba sai na je.

7. Bari a sa miki tef

Mai shagon mace ce gajeriya, tef rataye a wuya, ba ta tambayar lamba. Da na buɗe baki zan faɗa ta ce, "Ajiye ta a waje tare da takalminki." Ta ja labule, ta auna ƙarƙashin ƙirji, ta auna sama inda ya fi cika, ta ce in daina riƙe numfashi. Na ce ban riƙe ba. Ta ce, "To sake shi duk da haka."

Guda biyar ta sa na gwada. Kowacce sai ta ce in ɗaga hannu, in sunkuya, in yi tsalle. Wadda bayanta ya hau sama ta cire. Wadda kofinta ya yi ambaliya ta cire. Wadda ta bar wurin da za a iya ajiye makulli ta cire. Ta biyar ta kwanta daidai a baya a ƙugiyar farko, tsakiyarta ta zauna a ƙirji, yatsa biyu suka shiga ƙarƙashin maɗaurin ba gardama.

Ta ce, "Arba'in ce."

Na ce, "Arba'in ta wa?"

"Taki, Malama. Ja numfashi."

Na ja. Iska ta shiga har wani wuri a cikina da na manta akwai shi. Na zauna a kujerarta na yi kuka sosai, ita kuma tana ninke sauran kamar ba komai. Ta ce kullum sai an yi mata kuka a kujerar nan, shi ya sa ta sayi ta roba.

8. Ɗauko almakashi

Da kin isa gida, datse 'yar takardar nan mai ɗauke da lamba da ke baya. Yanzu rigar ta yi miki, kuma babu wata shaida a kanki. Duk wanda ya tambaya, ki ce kina nan yadda kike.

Ba ruwana

Alkawarina a kan rigar mama ya tsaya. Abin da zai biyo baya, ke da Allahnki. Ni a makon farko na shiga taron malamai da cikakken numfashi, shugaban makaranta ya ce ko akwai mai magana, na yi minti arba'in ban zauna ba. A gida na gaya wa maigida ra'ayina a kan labulen da ya zaɓa, da abokinsa mai zuwa daidai lokacin cin abinci, da wata magana da ya faɗa shekara takwas da suka wuce. Na kira Yaya a waya, sai da ta ce, "Wai wace ce wannan?" Uwar mijina, wadda kullum take nuna ni tana cewa ba ta taɓa ganin mace mai haƙuri irina ba, ta zo da kanta ta zaunar da ni ta tambaya wa ya zuga ni.

Ba wanda ya zuga ni. Ashe da ma ba haƙuri ba ne, iska ce ba ta isata.

Saboda haka in kin bi matakan nan gidanki ya rikice, kada ki neme ni. In kuma maigidanki ne yake nemana, ce masa ya bi layi, nawa maigidan ne a gaba, yana yawo da tsohuwar talatin da huɗu a leda yana cigiyar telan da zai gyara ta.