Ƙafafun da Suka Manta Tafiya

"Ni ne Dakta Nababa, gagara-asibiti! Ciwon da ya ji ƙararrawar kekena, ta katanga yake tsallakewa, ko takalmi ba ya tsayawa ɗauka!"

Da wannan kirari ya diro ƙofar gidan Sabo da hantsi, a shekarar nan ta fari da aka koma cin dusa da tafasa, kwanon gero ya gagari magidanci. 'Yar'uwa, da kin ga halittar! Wuya kamar mariƙin lema, tabarau ido ɗaya a fashe, ga jakar magani a bayan keke tana tashin warin bunsuru.

Kulu matar Sabo tana bayan zana, tana saurare. Ɗanta Uwaisu shekararsa takwas, sharaɓa jibga-jibga amma ba ƙarfi. In ya faɗi sai ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, kafin ya miƙe. Likitan birni ya riga ya gaya musu ciwon tsoka ne na gado, ta jinin uwa yake bi, maza yake kamawa. Ba a warkewa, sai dai lallaɓawa da motsa jiki da abinci mai kyau. Abinci mai kyau kuwa a gidan nan bai wuce nonon jar akuya guda ɗaya tilo ba. Ita Nababa ya ƙyalla ido ya hango a turke.

"Gado?" ya ce, yana dariya har da buga cinya. "Gona ce da za a gada, ko tukunya? Malam Sabo, ƙafafun yaron nan mantuwa kawai suka yi. Sun manta tafiya! Ga garin maganin mantuwa. Wani tsoho na ba shi, sai da ya tuna ranar sunansa har da launin ragon. Ni ba na karɓar kuɗi, akuyar can ma ta wadatar."

Kin san uban da ɗansa ke faɗuwa a gabansa, ko kaska aka ce masa magani ce sai ya haɗiye. Sabo ya shiga ya kwanto akuya.

Kulu ta yi gyaran murya daga bayan zana. "Malam, ka taɓa warkar da irinsa?"

"Na nawa kuma, uwar gida! Akwai wani Dabo ɗan Malam Abdussalam, can wajen Gezawa. Kwana uku ya miƙe. Yanzu haka yana kasuwar Dawanau, buhu bibbiyu yake ɗauka, har gudu yake da su."

"Malam Abdussalam mai tufkar igiya?"

"Shi fa! Kin san gidan?"

"A cikinsa aka haife ni. Dabo ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na ɗebo ruwan wankan gawarsa. Ashe kai ne mai keken da ya tafi da ragon Baba."

Gogan naki ya gyara zaman tabarau. "To... ai Dabon biyu ne a gidan."

"Ɗaya Inna ta haifa."

"Ƙa'ida ce ba su bi ba! Na ce a sha da hannun hagu!"

Maƙwabta sun fara taruwa. Sabo ya naɗe igiyar akuya a hannu, ya sa aka dama garin a ƙwarya, ya miƙa wa Nababa. "A garin nan mai magani shi ke fara kurɓa. Bismilla, Dakta."

Shi kuwa sarkin cika baki bai taɓa ɗanɗana garinsa ba, kuma ya san da hannunsa ya daka 'ya'yan zaƙami mai juyar da hankali a ciki, wai don ya yi ƙarfi. Amma ido ya yi yawa.

"Kurɓa?" ya ce. "Kurɓa ai ta yara ce!" Ya kafa kai, sai da ya ga gindin ƙwarya.

Kafin inuwa ta matsa taku biyu, ido ya kaɗa. Ya dubi Sabo ya ce, "Inna, yaushe kika yi gemu?" Ya tambayi jama'a sunansa, aka ce Dakta, ya ce a gaishe shi in ya zo. Ya durƙusa gaban akuya: "Hajiya, an dawo lafiya? Ya hanya?" Daga nan ya kama ƙahoninta, ya ɗaga ƙafa zai hau, yana neman ƙararrawa. Hajiya ta ja da baya, ta auna, ta zuba masa karo. Sai ga Dakta a tsibin takin da Sabo ya tara don gona, ƙafafu a sama.

Kulu ta miƙo hannu ta gefen zana, ta zare igiyar daga hannun mijinta, ta ja akuyarta har ƙuryar ɗaki, ta turo ƙyaure.

"Asibiti!" in ji murya daga cikin taki. "Don girman Allah ku kai ni asibiti!"

Sabo ba ya son gawa a ƙofar gidansa. Aka kwantar da shi a kan jaki kamar mangala, kai na lilo, sai ƙaramin asibitin gari. Sabo ya ce, "Malam, ga wani likita ɗan'uwanku ba lafiya."

Malamin asibiti ya ɗago kan mara lafiya, ya goge takin fuskar, ya ƙura masa ido.

"A'a! Nababa mai shara? Wata biyu ya yi mana aiki ya gudu. Ku kwantar da shi can. In ya farfaɗo, ku tambayar mini inda ya kai tsintsiyarmu."