Ilu Ya Kai Yayansa Gurara

A wani ƙauye kusa da Bakori akwai wani mutum, sunansa Ilu. Furfura ta fara fito masa, amma bai taɓa barin gidan yayansa Malam Sidi ba. Ƙarfi gare shi, ba ya ƙarya, ba ya musu. Matsalarsa ɗaya ce: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Malam Sidi tsohon malamin labarin ƙasa ne. Ya yi shekaru yana zana wa yara ruwan Gurara a allo, yadda yake faɗowa daga kan duwatsu, alhali shi bai taɓa ganinsa ba. Da idonsa ya fara dushewa, likita ya ce ganin da ya rage masa ba zai kai ƙarshen damina ba. Sai abokansa biyu na kwalejin horon malamai suka zo. Alhaji Barau yana da wata tsohuwar bas da ya mayar ɗaki, da gadaje da murhun gas da tankin ruwa. Malam Jatau kuwa shi ne mai tuƙi. Suka ce za su kai shi ya gani tun da sauran ido. Aka tafi da Ilu don ya riƙa riƙe masa hannu.

Wata rana, ranar farko ta tafiya, Alhaji Barau ya ce, "Ilu, hanyar nan da ramuka. Duk abin da zai iya faɗowa ka ɗaure shi." Ilu ya ɗaure tukwane, ya ɗaure buta, ya ɗaure buhun shinkafa. Can Alhaji ya kishingiɗa a gadon sama barci ya kwashe shi. Da lokacin azahar ya yi ya yunƙura zai tashi, ya ji igiya tun daga ƙirji har gwiwa.

"Wane ne ya yi mini wannan aikin?"

"Ni ne, Alhaji. Na duba na ga za ka iya faɗowa."

Malam Jatau ya ce a bar shi haka har Gurara, kowa ya huta da surutunsa.

Wata rana suka tsaya a madatsar ruwa ta Tiga. Suka shimfiɗa tabarma a gefen mota, aka dafa shayi. Malam Sidi ya ƙura wa ruwan ido, ya ce kamar akwai kwalekwale can nesa. Babu kwalekwale a wurin. Malam Jatau ya ce, "Ilu, zauna kusa da yayanka. Duk abin da ka gani ka faɗa masa." Ilu ya gyara zama.

"Ga ruwa. Ga balbela a kan dutse. Ga wani yana wanke babur. Babu kwalekwale. Ga Alhaji ya juya baya yana share hawaye da hularsa."

Malam Sidi ya lalubo hannun abokinsa ya riƙe. "Haba Barau, ai ban mutu ba. Zuba mini shayi."

Wata rana suka sauka a wani ƙauye bayan Zariya, wurin wani abokin karatunsu. Kafin su shiga gaisuwa Malam Sidi ya ce wa Ilu, "Motar nan gidanmu ce yanzu. Duk wanda ya yi sallama ka shigo da shi ya zauna." Ranar kasuwa ce, kuma mutanen garin ba su taɓa ganin mota mai gado ba. Kowa ya leƙo sai ya yi sallama, Ilu ya ce, "Bismillah." Mai nama ya shiga da tirensa, 'yan acaɓa suka shiga, wata tsohuwa ta shiga da akuyarta. Ana cikin haka aka ji ƙara daga ƙasa, motar ta karkace: sifirin ya karye. Sai da suka yi kwanaki suna jiran a kawo wani daga Kaduna. Ba wanda ya yi wa Ilu faɗa. Amma a safiyar da za su tashi, Malam Sidi ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska, kowa kuma ya gani.

Wata rana da hantsi suka iso Gurara. Tun daga nesa ake jin rugugin ruwan. Suka tsayar da Malam Sidi a inda masu yawon buɗe ido suke tsayawa. Ya daɗe yana kallo.

"Fari-fari kawai nake gani," in ji shi. "Mun makara." Sannan ya ce cikin ɓacin rai, "Wani ya kai ni inda zan gan shi mana."

Abokan suka sunkuyar da kai, don sun san babu irin wannan wurin. Ilu kuwa ya durƙusa ya goya yayansa, ya fara gangarawa cikin duwatsu.

"Ilu! Kai Ilu, dawo! Santsi!"

Bai waiwaya ba. In ya ɗan yi gaba sai ya tsaya. "Yaya, ka gani?"

"A'a."

Ya ƙara gaba. "Yanzu fa?"

"A'a."

Har ruwa ya kai masa gwiwa, a wani lungu inda feshin yake sauka kamar ruwan sama, dutsen da ke ƙarƙashinsu yana rawa. Rigar Malam Sidi ta jiƙe sharkaf, hularsa ta bi ruwa. Ya ɗaga fuska, ya buɗe tafukan hannunsa.

"Yaya, ka gani?"

"Ashe haka yake," in ji Malam Sidi. "Ashe ƙarami na riƙa zana wa yaran nan. Tsaya nan, Ilu. Kada ka motsa."

Alhaji Barau da Malam Jatau suka dubi juna. Suka cire takalma, suka tattare riguna, suka gangaro suna riƙe da juna har suka tsaya a gefensu.

An jima Ilu ya karkato da kai wajen kunnen yayansa.

"Yaya, ƙafata ta mutu. Amma ban motsa ba."