Ni da Idon Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta (kuma na gwada, Allah ne shaida), da makon da aka damƙa mini amanar idon surukina. Kakar bara waccan ce, daidai lokacin yankan riɗi. Ni malamin firamare ne a wajen Kangire, gidana kuma yana cikin garin Birnin Kudu. A makaranta ni ke koyar da darasin kiwon lafiya, saboda haka abokan aiki suka laƙaba mini suna Likita. Su da wasa suka fara, ni kuwa na riƙe da gaske. Har ta kai in wani ya kira ni da sunana na yanka sai in ji kamar ya rage mini wani abu.

Surukina, mahaifin matata Rabi, dattijo ne mai karantar da littattafai a zaurensa a Dingaya, can ƙasar Gwaram. Kowa Malam yake ce masa. Idonsa na hagu ya mutu tun yana saurayi, kara ne ya tsokane shi a gona. Na daman da ya rage kuma yanar ido ta bi ta rufe shi a hankali, har ya shekara biyu bai karanta Alƙur'ani a takarda ba sai da ka. Duk da haka kullum da hantsi sai ya buɗe shi a cinyarsa, yana karatu yana shafa shafin da hannu. Duk lokacin da Rabi ta je gida ta ga haka, sai ta dawo tana share hawaye.

Da ƙyar aka lallashe shi ya yarda a yi masa aikin cire yanar a Birnin Kudu. Aka yi, Allah ya ba da sa'a. Washegari aka cire filasta, likita ya ce kada ya yi nisa da asibiti sai an sake dubawa, don haka muka sauke shi a ɗakin zaurena. 'Ya'yansa maza biyu da suka rako shi suka juya a ranar, saboda riɗinsu ya nuna, in suka yi sake duk ya zube a ƙasa. Rabi kuwa tana jego, sati biyu da haihuwa. Ko ba jego ma, ita ce 'yarsa ta fari, ko sunanta Malam ba ya kamawa, “yarinyar nan” yake ce mata. Ina za ta iya tsayawa a kansa ta riƙe masa fuska? Sai kowa ya juyo ya kalle ni. Na gyara wuyan riga na ce ai wannan ƙaramin aiki ne.

Kafin a sallame mu, wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai tabarau da kowa ke kira Sista, ta miƙo mini kwalabe biyu 'yan ƙanana ta fara bayanin yadda ake ɗigawa. Ko numfashi na biyu ban bari ta ja ba na tare ta. “Sista, kada ki wahalar da kanki, ni nake koyar da wannan a makaranta.” (Ban taɓa koyar da shi ba. Yanke farce da wanke hannu nake koyarwa. Iyakar gwanintata ita ce in yarana suna mura in danne kansu a cinya in matsa musu magani a hanci, suna ihu ina ihu.) Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce to. Abin da kawai ya zauna mini a ka shi ne sau huɗu a rana, sai kuma maganarta ta ƙarshe: “Wannan idon kaɗai gare shi. In maganin bai shiga ba, komai na iya faruwa. Ka ga ja ko ciwo, ku dawo da sauri.”

To, ga inda gizo ya fara saƙa mini. Shekara goma sha biyu ina auren 'yar Malam, ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. In na je Dingaya tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Haka muka taso muka gani, haka muke yi. Da za a jera mini ƙafafun dattawa goma, da babban yatsa kawai zan fitar da na surukina. Amma fuskarsa, sai dai abin da na tsinta ta gefen ido.

Da azahar ta ranar farko na yi sallama na shiga da kwalabena. Malam yana zaune a kan buzu, carbi a hannu. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar gajiyar hanya, alhali tare muka dawo. Da gaisuwa ta ƙare na ce, “Malam, lokacin magani ya yi.” Ya ce, “To, bismilla,” ya ɗaga kai sama. Na miƙe, na matso, na buɗe murfi. Ina ɗago ido na ga fuskarsa dab da tawa, sai na ji wani nauyi ya danne mini wuya. Kai! Ni ne zan tsaya a kan Malam, ina leƙa cikin idonsa kamar mai duba rijiya? Ban san lokacin da na kawar da kai gefe ba. Na miƙa hannu daidai inda nake zaton ido yake, na zuba wa ƙofa ido, na matsa kwalba. Na sake matsawa don kada a yi rowa.

Malam ya ce, “Madalla. Ya shiga. Allah ya yi albarka.”

Na ɗauko ta biyu nan take na yi mata yadda na yi wa ta farko. Na fito ina jin kaina. Rabi ta leƙo daga ɗaki ta ce yaya, na ce, “Ke dai ki gode wa Allah da ya ba ki miji mai ilimi.”

Haka muka yi kwana huɗu, safe, azahar, la'asar, magariba. Ni in kalli ƙofa, Malam ya ce madalla. Na dai lura duk lokacin da zan fita sai ya sa haɓar rawani ya goge kunci da gemu, amma na ce a raina alamar magani ya wadata ke nan, har ya yi ambaliya. Na kuma lura kwalaben suna saurin yin sauƙi a hannu. Wannan ma na fassara shi da ƙwazo.

Ranar ta biyar da safe na tarar Malam ya juya wa taga baya, ya kare fuska da tafin hannu. Na tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau, sai dai hasken ne ya ɗan yi masa yawa. Rabi ce da ta kawo koko ta saci kallonsa, ta fito ta tare ni. “Idon Baba ya yi ja, ruwa yake ta yi. Ka ce mini yana samun sauƙi!” Maganar Sista ta dawo mini daram, wannan idon kaɗai gare shi. Ban je makaranta ba ranar, na nemo mota muka nufi asibiti.

Likita ya haska idon ya daɗe yana dubawa. Ya ce ciki ya yi kumburi, amma da alama ƙwayar cuta ba ta kai ga shiga ba, mun zo a kan gaɓa. Ya tambaya ko ana sa magani, na ce sau huɗu, ba fashi. Sai ya tura mu wajen Sista. Muka same ta a baranda, gabanta benci uku cike da waɗanda aka yi wa aiki da masu jinyarsu, tana koya musu ɗiga magani. A benci na gaba har da mahaifin wani ɗalibina, wanda yana ganina ya ɗaga murya, “A'a, Likita! Kai ma ka zo taya su aiki ne?”

Sista ta karɓi kwalaben ta ɗaga su a haske ta girgiza. “Wannan fa na kusan wata guda ne. Kwana biyar ya ƙare? Sha yake yi?” Na ce ina dai cika masa ne sosai. Ta zaunar da Malam a kujera a gaban jama'a, ta miƙo mini ɗaya. “Malamin makaranta, zo ka nuna mana yadda kake yi. Jama'a ku kalla, wannan shi yake koyar da abin.”

Da ina da wayo da a nan na ce ban iya ba. Amma ina! Na tuɓe takalmi (a barandar asibiti, jama'a), na rusuna na ce, “Malam, lokacin magani ya yi.” Ya ɗaga kai. Na miƙa hannu, na juya fuskata wajen wata bishiyar darbejiya da ke tsakar asibitin, na matsa.

Malam ya ce a hankali, “Madalla. Ya shiga.”

Sista ta ce, “Tsaya yadda kake, kada ka motsa hannu. Yanzu juyo ka ga aikinka.”

Na juyo. Bakin kwalbar yana saitin karan hancin Malam. Idonsa a rufe gam, har fatar ta tattare. Ga magani ya gangaro ta gefen hanci, ya bi kunci, ya tsaya a farin gemunsa yana ƙyalli.

Wata tsohuwa a benci na baya ce ta fara, ta ce, “Wayyo, ashe gemun ake jinya!” Sai baranda ta kwashe. Masu filasta a ido suna dariya suna dafe kai saboda an hana su jijjiga. Mahaifin ɗalibina har da buga cinya. Ni kuwa ina tsaye ba takalmi, kwalba a hannu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ƙarƙashin kunyar akwai tsoro, don na gane da hannuna na kusa makantar da bawan Allah nan.

Sista ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Mene ne shi a wurinka?” Na ce surukina ne. Ta sauke numfashi, ta ce, “Na yi zato.” Ta juya wajen Malam. “Baba, kai kuma ka san bai shiga ba, me ya sa kake cewa ya shiga?”

Malam ya murza carbinsa. Can ya ce, “Yaron nan ya bar aikinsa yana ɗawainiya da ni. Ta yaya zan ce masa bai iya ba? Kuma laifin nawa ne. Da na ji ya matso sai in rufe, ba na iya buɗe ido a fuskarsa.”

Wannan ta fi dariyar yi mini ciwo.

Sista ta tura ni famfo na wanke hannu da sabulu, ta ba ni sababbin kwalabe, ta tsaya a gefena. “Kalle shi. A'a, ba kafaɗarsa ba, idonsa. Baba, ɗaga kai, buɗe, kalli rufi.” Ta sa na ja fatar ƙasan idon a hankali da yatsa ɗaya har ta yi ɗan lungu. “Nan za ka ɗiga. Ɗigo ɗaya tak, ido ba ya riƙe fiye da haka. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashin ido ko yatsanka.” Na matsa, na ga ɗigon da idona ya faɗa inda ya dace. Ta ce Malam ya rufe a hankali ba tare da matsewa ba, ya bar shi haka minti biyu, ni kuma in goge abin da ya zubo da auduga mai tsabta, kada a murza. Na kai hannu ga kwalba ta biyu, ta buge mini hannu. “Minti biyar tsakani. In ka haɗa su, na biyu zai wanke na farko.” Ta ƙara da cewa kwalbar tasa ce shi kaɗai, kada in ga wani da jan ido a unguwa in ce zan yi taimako. Na ce to, Sista. Daga nan har muka bar asibitin ban sake faɗin wata kalma da ta wuce to ba.

Muka koma gida. Kwana biyun farko da wuya, in na riƙe fatar idon sai mu duka mu ɗauke numfashi. Amma akwai minti biyar ɗin nan na jira, ga shi ba inda zan je. Muka fara cika su da hira. Ya tambaye ni yara nawa ne a ajina, na tambaye shi yadda kara ya tsokane masa ido. A sati biyu na ji labarin surukina fiye da abin da na ji a shekara goma sha biyu. Jan ya ragu, ruwan ya tsaya, likita ya sake dubawa ya ce alhamdu lillahi.

Wata safiya na shiga na tarar da Alƙur'ani buɗe a cinyarsa, yatsansa yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, ba shafa ba. Rabi tana laɓe a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa, tana kuka ba sauti. Na jira ya kai aya, na ɗiga masa magani. Da minti biyu suka cika ya buɗe idon, bai kawar ba. Ya ƙare mini kallo tun daga hula har haɓa, sannan ya yi murmushi.

“Ikon Allah,” ya ce. “Ashe haka kake. Ni duk shekarun nan na ɗauka dogon hanci gare ka.”

Har yau in na je Dingaya ina tuɓe takalmi a bakin zaure, ina durƙusawa, kaina a ƙasa, ban fasa ba. A makaranta kuwa labari ya riga ni isa, sunana ya tashi daga Likita ya koma Likitan Gemu, kuma na daina musu. Abin da na koya bai da yawa: in mai sani ta fara bayani, ka rufe baki har ta gama, kuma in amanar idon mutum tana hannunka, ka ajiye kunya a bakin ƙofa tare da takalminka, ka kalle shi. In ka fito ka ɗauki abinka, tana nan tana jiranka.