Farar da na gano a Gangara

Shekarar samun mulkin kai aka turo ni Gangara malamin gona, takardar lakol, wato makarantar boko, tana kumbura mini kai. Gero ya fara bununi, ran kasuwa na hango ƙwari sun rufe bakin tabki. Ban ko matsa kusa ba, na ruga ina ihu: "Fara! Fara!"

Kasuwa ta watse, aka bazu gonaki ana bugun kwanoni. Har mahayi na tura garin Agiye wurin kwamanda mai mulkin yankin.

Sai Inna Tabawa mai daddawa ta cafko ɗaya ta miƙo mini. "Ɗan nan, mazari ne. Sauro yake ci, ba gero ba."

Haba jama'a! Yau jikoki gare ni, amma mazari bai isa ya gilma ba sai wani ya ce, "Malam, a ɗauko kwanoni?"