Digirin da Aka Musanya da Alawa

"Salamu alaikum, amarya. Kin tashi lafiya, ko gwiwoyin sun ƙi ba ki izini?"

"Wa alaikumus salam, angon bola. Tsaya daga bakin ƙofa, iska ta wajenka take kaɗowa."

Shafin bai tsaya ba, don yau ba ranar tsayuwa ba ce. Ɗalibin injiniyan muhalli ne a birnin Khulna, yana digiri na biyu. Sati shida cur ya yi yana bin gidaje ashirin na unguwarsu yana karɓar shararsu, ya tsince, ya wanke, ya shanya a saman benen kakarsa Jobeda, saboda gidansu ba fili. Buhu goma sha ɗaya ya tara. Awo kaɗai ya rage, a san kilo nawa na sharar nan za a iya sake mora. Gobe da safe malaminsa ke jiran sakamakon, in kuwa babu shi, to digiri sai baɗi.

Ya haye bene da sikelin aro a kafaɗa. Ko minti ɗaya bai yi ba ya sauko a guje, idanu waje. Saman benen fes, kamar an lashe.

"Dadi!" ya ƙwala kira, don haka suke kiran kaka a can. "Ina buhunana?"

"Waɗanne? Kayan auren da ka tara mini? Mazan mutane na kawo zinariya, nawa mijin gwangwanin madara yake kawowa."

"Don Allah bar wasa. Ina suke?"

"Shekaranjiya mai kotkoti ya wuce yana kaɗa ƙararrawa. Na ce hau ka sauke mini abin kunyar nan."

Ta ja wani kwano da ƙafa ta buɗe. Cike yake dam da kotkoti, alawar nan mai taurin tsiya da ake musanya wa da tsohon ƙarfe da robobi. Shafin ya zauna daɓas a kan matakala. Wallahi abin tausayi.

"Sati shida, Dadi! Karatuna kika sayar a kan alawa? Ke da haƙori biyu suka rage miki, su ma ba sa ga maciji da juna?"

"Tsotsa nake yi, ɗan nema. Kai da kake da talatin da biyu me ka tsinana da su?"

"Na sake ki. Saki uku!"

"Alhamdu lillahi. Dama mai kotkoti ya yi mini magana. Shi aƙalla in ya kwashi shara yana barin abin zaƙi a gida."

"Bincike nake yi, tsohuwa. Ilimi ne!"

"Ilimi? Ubanka ya sayar da gonar shinkafa don ka zama injiniya. Na ce wa maƙwabta jikana zai gina gada a kan kogin Rupsha. Sai ga ka kana kokawa da hankaki a kan ƙashin kifi."

Shafin ya sunkuya. Ya dafe kai da hannu biyu. Da gaske abin ya yi masa ciwo, ya ce, "Ko awo ban yi ba. Me zan kai wa malam gobe?"

Jobeda ta dube shi ta gefen ido, ta ci gaba da naɗe ganyen pan ɗinta da take taunawa kamar goro, ba ta ko gaggawa.

"Awo? Au, kana nufin ni, Jobeda, zan bar mai kotkoti ya ɗauki kaya a gidana a kan sikelinsa? Mutumin da ɗan yatsansa kaɗai ya kai rabin kilo?"

Ya ɗago kai.

"Tashi ka leƙa bayan ƙofar kicin, raggo."

Ya tashi ya leƙa. Bangon cike yake da zane-zanen farar ƙasa, irin wadda take shafa wa ganyen pan. Layi-layi ne, dogon zane kilo ɗaya, ɗigo kuma kwata. A farkon kowane layi ta kafa ƙusa ta rataye samfuri: murfin gora, guntun bokiti, yankin gwangwani, kan silifa. Da sikelin kifinta ta auna komai kafin ta bari a fita da shi, kamar yadda take yi tun tana amarya. Ya ƙirga layukan da yatsa.

"Tara? Ai kashi huɗu na raba su."

"Shi ya sa na ce asarar gona aka yi. Ka haɗa robar gora da robar bokiti a buhu ɗaya! Wane mahaukaci ne zai saye su kuɗi ɗaya? Yini guda na yi ina gyara shirmenka."

Ya zaro waya zai ɗauki hoto. Kafin ya saita, tsohuwar nan da ke kukan gwiwa kullum ta yi wuf ta sha gabansa, da jiƙaƙƙen tsumma a hannu.

"Ina ce ka sake ni? Ba a ɗaukar hoton bangon matar wani."

"Na mai da ke! Wallahi na mai da ke!"

"Ban dawo ba. Bangon nan ma ya yi datti, bari in goge."

"Dadi, don girman Allah! Me kike so?"

"Fita tsakar gida ka faɗa da ƙarfi, waye injiniya a gidan nan."

Shafin ya dubi tsumman yana ɗigar ruwa, tazararsa da layin farko ba ta fi taƙi ɗaya ba. Ya fita tsakar gida, ya cika ƙirji da iska.

"Jama'a! Jobeda Khatun ce injiniya! Ni ɗan dakonta ne!"

Daga bayan katanga wata maƙwabciya ta amsa, "Sai yau ka sani?"

Jobeda ta yi dariya har da riƙe ciki, ta jefar da tsumman ta matsa gefe. Sai da ya ɗauki hoto ya fi ashirin, ta sama da ta ƙasa, sannan ta ɓantaro kotkoti ta cusa masa a tafin hannu.

"Ungo, angona. Ɗanɗana digirin naka ka ji, ni dai tun shekaranjiya nake shan sa."