Dutsen Dakta Atom da Madarar Lantana

Tun da aka kafa Belbeji ba a taɓa samun masani kamar Mushe Idrisa ba, wato Malam Idrisa a bakin masu Faransanci. Shi da kansa ya tabbatar da haka. Wata goma sha huɗu ya yi a Arlit, inda ake haƙar yuraniyom, kuma babu injiniyan da ya shiga ofis bai bi ta gabansa ba, domin shi ke buɗe ƙofa. Ya dawo a 1979 da baƙin tabarau, alƙaluma uku a aljihu, da wani dutse ƙulle a tsumma. 'Yan kasuwa suka sa masa Dakta Atom, ya karɓa da tawali'u.

Iliminsa kuwa na gaske ne, ta taga ya jiyo shi.

"Jama'a," in ji shi, "akwai hasken da ido ba ya gani. Yakan ratsa ƙwayar cuta ya tsinke zaren gadon da ke cikinta. In ta ɗinke shi a karkace, 'ya'yanta su fito daban. In ta kasa, ta mutu. Dutsen nan nawa, da ƙwayoyi sun ji shi kusa sai su fara wasiyya."

Lantana mai nono ce ta fara amfana. Matar kwamanda ta yi alkawarin zama cinikinta kullum, muddin madarar ta isa Tanut ba tsami. Lantana ta wanke sabon kwano za ta tafasa. Dakta ya hana, ya ce tafasawa dabarar mutanen da ce. Kwanon ma bai dace da martabar kimiyya ba. Ya zaɓi babbar ƙwarya mai zane, wadda nono ya shekara goma yana kwana a cikinta. Duk matan wurin sun san abin da tsohuwar ƙwarya ke yi wa madara, amma wa zai gyara wa mai alƙaluma uku?

Ya ɗaure ƙullin dutsen a kan faifan da aka rufe ƙwaryar da shi, ya shiga gaban mota.

A Tanut aka buɗe, sai ga kindirmo, ludayi na tsayawa a ciki. Dakta bai girgiza ba. Ya bayyana cewa iyayen ƙwayoyin duk sun mutu, waɗannan 'ya'yan ne da suka fito daban. Matar kwamanda ta gode da bayani, ta aika a kira mata wata mai nonon.

Lantana ta ce tunda ta rasa ciniki, a nuna mata abin da ya cinye shi. Direban motar, Rissa, wanda ya shekara bakwai cikin ramin haƙar yuraniyom, ya kwance tsumman, ya duba, ya ɗan lasa.

Kanwa ce, irin wadda ake ba raƙuma.