Rabon Masu Makoki

A wani daji da ke bayan duwatsun gabas, an yi wani tsohon Kunkuru mai koyar da halin kirki. Karatunsa ba shi da yawa: ka girmama iyayenka suna raye, ka yi baƙin cikinsu in sun mutu, kuma ladabin da babu tausayi a cikinsa wahalar gwiwa ce kawai. Da ya rasu, ɗalibansa suka kafa Majalisar Tarbiyya don kada karatun ya salwanta. Suka duba suka ga girmama mai rai harka ce ta cikin ɗaki, ba wanda zai iya auna ta, amma kuka kowa yana ji. Sai suka zartar cewa duk wanda ya rasa uwa ko uba zai zauna makoki damina uku ba ya taɓa aiki, majalisa ta ciyar da shi daga rumbun jama'a.

Shekarar da aka yi fari, Bushiya ta rasa abin da za ta ba uwarta. Tsohuwar ta makance, haƙora sun zube, in ba kunu ba babu abin da ke wuce mata. Kwana biyu Bushiya tana ba ta ruwan zafi tana cewa kunun ne ya tsinke. Tsohuwar tana sha tana sa albarka, wannan kuwa ya fi komai ƙona wa Bushiya rai.

Rana ta uku ta nufi majalisa. Ta tarar da Malam Zalɓe, shugaban majalisar, yana nuna wa ɗalibai Dila, wanda ke birgima cikin toka yana rusa kuka. Duk dajin an san uban Dila ya mutu shi kaɗai a rami, sai wari ne ya sanar da maƙwabta. Ɗan kuwa tun da ya shiga makoki wuyansa ya yi kauri.

Bushiya ta durƙusa ta ce, "Allah ya gafarta malam, tsohuwata ce ke kwance. Mudu ɗaya nake roƙo in dama mata kunu."

"Yaushe ta rasu?"

"Tana nan da ranta, malam."

Zalɓe ya gyara tsayuwa a ƙafa ɗaya, ya ce, "'Yar nan, mun tausaya miki, tausayi kuwa shi ne tushen karatun marigayi. Sai dai rumbun nan na masu biyayya ga iyaye ne, ita kuma biyayya sai da shaida. Dubi Dila, murya ta dushe, ido ya kumbura. Ke me za ki nuna mana? Ciyarwa ai ba wani abu ba ne, ko tururuwa tana kai abinci gida. In muka ba ki yau, gobe duk mai uwa zai zo. Ki yi haƙuri, ƙofarmu a buɗe take idan lokaci ya yi."

Ɗalibai suka jinjina kai, wasu har suna maimaita jawabin don su haddace. Bushiya ta yi godiya, don haka aka koya mata, ta koma ta ɗora ruwa.

Bayan kwana huɗu lokaci ya yi. Majalisa ba ta yi jinkiri ba, a nan kam ba a taɓa kama ta da laifi ba. Tun kafin a rufe tsohuwar, Zalɓe ya iso da tawaga da buhu guda, ya yabi marigayiyar da ta tarbiyyantar da 'ya mai ladabi. Da yake mai makoki ba ya daka, a niƙe suka kawo hatsin. Bayan sun watse Bushiya ta kwance bakin buhun, ta sa hannu ta murza.

Gari ne mai laushi ƙwarai, irin wanda ko marar haƙora zai sha kununsa ba wahala.